Lambun Shalimar na Lahore da Dokar Ƙafa 200

Duk wanda ya je lambun Shalimar a birnin Lahore na ƙasar Pakistan a yau, ta baya yake shiga, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙofar da ake yankar tikiti a bakinta, wadda ke kallon babban titin Grand Trunk, asalinta ɗakin hutawar sarki ne. A zamanin Turawan mulkin mallaka aka fasa bangonsa na kudu aka mai da shi mashiga, saboda ta nan babban titi ya koma bi. Ƙofofin ainihi suna can ƙasa a hawa na ƙarshe, ɗaya gabas ɗaya yamma, da adon tayil masu launi a goshinsu. A da ta nan baƙo yake shigowa, ya riƙa hawa yana tunkarar ruwan da ke gangarowa gare shi, kuma ba kowa ake bari ya kai hawan sama ba, don na sarki ne da iyalinsa. Yanzu kuwa da sa ƙafarka a can sama ka fara, hayaniyar motoci na bayanka, kuma tun daga Oktoban 2020 jirgin ƙasa na wucewa a kan gadar sama, dab da wannan ƙofar.

Wannan gefe na kudu shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sau biyu cikin kimanin shekara 20 aka yi wa lambun illa ta nan, a 1999 da kuma daga 2015 zuwa 2020. Duk sau biyun yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, duk sau biyun akwai dokar ƙasa da ta hana taɓa kewayensa, kuma duk sau biyun sai da aiki ya yi nisa sannan aka tuna da tambayar ko ya halatta.

Abin da Shah Jahan ya gina

Sarkin daular Mughal, Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, shi ya ba da umarnin yin lambun a 1641, aka gama a 1642. Mahaifinsa Jahangir ya riga ya yi wani Shalimar a Kashmir tun 1619, amma can ƙasar duwatsu ce, ruwa da kansa yake gangarowa. Lahore fili ne shimfiɗaɗɗe, ga zafin da ke haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni. Kafin a dasa ko itace ɗaya, sai da aka warware maganar ruwa. Ali Mardan Khan, babban bafade da ya yi suna wajen haƙa hanyoyin ruwa, shi ya jagoranci janyo wata magudana daga kogin Ravi, daga inda kogin ke fitowa daga tsaunuka kusa da Madhopur ta yau, tafiyar kimanin kilomita 160. Aka kira ta Shah Nahar, wato ƙoramar sarki. Ginin lambun kansa kuma aka damƙa shi a hannun Khalilullah Khan.

Filin ya kai hekta 16, tsawonsa mita 658 daga kudu zuwa arewa, faɗinsa mita 258, an zagaye shi da doguwar katangar jan bulo. An yanka shi hawa uku, kowane hawa ya ɗara na ƙasa da shi da mita huɗu zuwa biyar. Sunayen da aka fi sanin su da su na Farisanci ne: Farah Bakhsh, mai ba da farin ciki, shi ne na sama, Faiz Bakhsh, mai ba da alheri, na tsakiya, Hayat Bakhsh, mai ba da rayuwa, na ƙasa. Na sama da na ƙasa murabba'i ne, kuma hanyoyin ruwa sun raba kowannensu gida huɗu. Musulmi ba ya bukatar dogon bayani kan wannan rabon, domin masu ginin suna da ƙoramu huɗun nan na Aljanna a zuciya, na ruwa da na madara da na giya mai daɗin sha da na zuma, waɗanda aka ambata a aya ta 15 ta Suratu Muhammad. Hanyoyin tafiya kuma an ɗaga su sama da inda aka yi shuka, ta yadda mai yawo zai riƙa kallon furanni daga bisa kamar yana taka gefen darduma.

Bakunan feshin ruwa 410 ne a lambun: 105 a sama, 152 a tsakiya, 153 a ƙasa. Babu inji, babu lantarki. Nauyin ruwa ne kawai ke aikin. Hawa na tsakiya da na ƙasa gangare ya wadatar da su. Na sama kuwa, da yake babu abin da ya fi shi tudu, sai aka gina masa matattarar ruwa a wajen katanga, ana ɗaga ruwa daga rijiyoyi da keken da shanu ke juyawa, ya taru a manyan tankunan bulo, laka ta kwanta, sannan ya bi ta bututun yumɓu ƙonanne ya ɓullo a cikin lambu yana tsiri. A riƙe maganar tankunan nan, za mu dawo kansu.

Wuri biyu ne suka fi nuna gwanintar masu aikin. Tsakanin hawan sama da na tsakiya akwai wani faffaɗan allon marmara da aka jingine a karkace, aka sassaƙa fuskarsa da ƙananan lanƙwasa kamar ɓawon kifi. Idan ruwa ya bi ta kai, ba ya zubowa da ƙarfi, wargajewa yake yi ya zama farin kumfa mai walƙiya, shi ya sa mutanen wurin ke kiran irin wannan gangare chadar, wato mayafi. A gindinsa akwai karagar marmara inda sarki ke zama, yana fuskantar babban tafki mai dandali a tsakiyarsa. Na biyun shi ne Sawan Bhadon, sunan watanni biyu na tsakiyar damina a kalandar mutanen yankin. Wani ɗaki ne marar rufi tsakanin hawan tsakiya da na ƙasa, bangonsa uku cike da ƙananan alkukai jere-jere, irin alkukin da kakanninmu ke ajiye fitila a ɗakin ƙasa, sai dai waɗannan na marmara ne. Ruwa yana zubowa ta gabansu kamar labule. Da rana a sa furanni a ciki, da dare a kunna fitilun mai. Mutum ya tsaya a gefe na huɗu a tsakiyar bazarar Lahore, yana jin saukar ruwan sama, yana ganin wuta na rawa a bayan ruwa ba ta mutu ba.

Idan ka tsaya a wannan wuri ranar da ba a kunna ruwa ba, alkukan suna nan, marmarar tana nan, amma abin da aka yi su dominsa ba ya nan. Gini irin masallaci ko fada yana iya tsayuwa da bulonsa kaɗai ya ba ka labarinsa. Shalimar ba haka yake ba. Ransa na zuwa ne daga wajen katanga, ta hanyar ruwan da ta faro daga nisan kilomita 160, da rijiyoyi, da tankuna, da sararin sama da ake hangowa ta kan itatuwa.

Yadda aka riƙa zare masa jijiyoyi

Bayan daular Mughal ta yi rauni, Lahore ta koma hannun sarakunan Sikh, Ranjit Singh ya kama birnin a 1799. A wannan zamani aka ɓamɓare marmara mai yawa daga rumfunan lambun, aka kai wata birnin Amritsar, aka maye gurbinta da bulo da farar ƙasa. Magudanar ruwan ma aka ja mata reshe zuwa Amritsar. Turawan Ingila suka ci Punjab, yankin da Lahore ke ciki, a 1849, suka haƙa tasu babbar magudanar ta Bari Doab daga Madhopur, suka juya wa lambun fuska kamar yadda na faɗa a farko.

Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ita ta yi yankan da ba ya ɗinkuwa. Madhopur ta faɗa ɓangaren Indiya, Lahore ta zauna a Pakistan. Ranar 1 ga Afrilun 1948 Indiya ta rufe ruwan magudanan da ke shiga Pakistan ta wannan yanki, sai bayan kimanin wata guda aka buɗe. Yarjejeniyar ruwan Indus ta 1960, wadda Bankin Duniya ya shiga tsakani aka ƙulla, ta bar wa Indiya kogunan Ravi da Beas da Sutlej. Lambun da aka gina a kan gangaren ruwa ya koma dogaro da rijiyar burtsatse da injin lantarki, ana kunnawa ana kashewa, a birnin da ruwan ƙarƙashin ƙasarsa ke ƙara nisa kowace shekara.

Mutanen da ke kewaye da shi ma an raba su da shi. Filin asali na iyalan Mian ne na unguwar Baghbanpura, kuma su suka riƙe kula da lambun tsawon fiye da shekara 300, har gwamnatin Janar Ayub Khan ta karɓe shi a 1962. Kafin nan, a 1958, an hana yin Mela Chiraghan a cikinsa, wato bikin fitilu da ake yi duk ƙarshen Maris don tunawa da waliyyi mawaƙi Shah Hussain. Bikin ya ci gaba a hubbarensa da ke nan kusa. Ina ganin dalilin hana dubban mutane kunna wuta a cikin tsohon lambu, amma abin da ya biyo baya shi ne unguwar ta daina jin cewa lambun nata ne. Gidaje da shaguna suka yi ta matsowa har suka kusa jingina da katanga.

A 1975 Pakistan ta kafa dokar kare kayan tarihi. Sashe na 22 ya ce ba a yin wani sabon gini ko aikin raya ƙasa a cikin ƙafa 200, kimanin mita 61, daga wurin tarihin da aka kare, sai da amincewar babban daraktan hukumar kayan tarihi. A 1981 UNESCO ta sa lambun a jerinta, a haɗe da tsohuwar fadar Lahore da ke nisan kilomita 7 daga gare shi. A takarda dai, kariya ta cika.

Yunin 1999

A watan Yunin 1999 ana aikin faɗaɗa titin Grand Trunk, sai motocin rusau suka bi ta kan tankunan nan da ke kudu da katanga. Biyu daga cikin uku suka tafi, na ukun ya tsira da rauni. Gine-gine ne da suka haura shekara 350 a tsaye, suna cikin tazarar da doka ta hana taɓawa, kuma su ne shaidar da ta rage ta yadda ruwa ke hawa bakunan feshin hawan sama. A takardun UNESCO an rubuta cewa rusau ɗin kuskure ne. Na yarda kuskure ne, kuma hakan ya fi tayar mini da hankali fiye da a ce ganganci ne. Ma'anarsa ita ce, ga wanda ya zana titin da wanda ya tuƙa motar rusau, lambu shi ne abin da ke cikin katanga, abin da ke waje kuwa tsohon kango ne da ya tare hanya.

A shekarar 2000 aka sa fadar da lambun a jerin wuraren tarihin da ke cikin haɗari, kuma gwamnatin Pakistan da kanta ta nemi a yi hakan don ta samu taimako. Aka shafe shekara 12 ana gyaran katangu da rumfuna, ana tsara yadda za a kula da wurin, aka killace ragowar tankin. A 2012 aka cire su daga jerin haɗari. Shekara uku kacal aka yi ana murna.

Jirgin da birnin ke bukata

Kafin a zargi kowa, a faɗi gaskiya game da Lahore. Ƙidayar 2017 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 11. Babura da a-daidaita-sahu da motocin haya sun cushe tituna, kuma duk hunturu hayaƙi kan lulluɓe birnin har a rufe makarantu. Layin Orange shi ne jirgin cikin gari na farko a duk Pakistan: kilomita 27, tasha 26, daga Dera Gujran a gabas zuwa Ali Town a kan titin Raiwind, titin da duk Bahaushen da ya taɓa zuwa taron Tablig na Raiwind ya sani. An tsara shi ya ɗauki mutum 250,000 a rana, ya mai da tafiyar da ke cin fiye da awa biyu ta koma ta minti 45. Kuɗinsa kimanin dala biliyan 1.6, mafi yawa rance daga bankin Exim na ƙasar Sin. Da aka buɗe shi, rupi 40 ne kuɗin shiga. Leburan da ke tashi da asuba daga Baghbanpura zuwa wancan ƙarshen gari yana da haƙƙi a kan birninsa, kuma haƙƙinsa bai gaza na marmara ba.

Matsalar tana wajen hanyar da aka zaɓa da yadda aka zaɓe ta. Fiye da kilomita 25 na layin a kan gadar sama yake, ƙasa da kilomita 2 ne kawai aka binne a ƙarƙashin ƙasa, a tsakiyar gari wajen Anarkali da babban gidan waya. Sauran ya bi tsofaffin manyan tituna, kuma a tsohon birni irin Lahore, a bakin tsofaffin tituna kayan tarihi suke. Layin ya shiga cikin ƙafa 200 na wurare 11 da doka ta kare, ciki har da Shalimar, da ƙofar Gulabi Bagh, da Chauburji, da kabarin da ake jingina wa Zebunnisa, da cocin St Andrew, da hubbaren Mauj Darya.

An fara aiki a Oktoban 2015. Takardun amincewar babban daraktan kayan tarihi na Punjab kuwa a watan Nuwamba suka fito. Wannan jerin watannin shi ne zuciyar shari'ar gaba ɗaya. Dokar ta ɗauka cewa za a zo wa darakta da zane a takarda, ya duba, ya ce a matsa nan ko a nutsa can. Abin da ya faru shi ne an zo masa da aikin da aka riga aka ba da kwangilarsa, aka ƙayyade masa wa'adi, ga zaɓen 2018 na tafe. Kuma daraktan ma'aikacin gwamnatin lardin Punjab ne, gwamnatin da ke gina layin. Shehbaz Sharif ne babban ministan lardin a lokacin, aikin kuma nasa ne na gaban goshi. Shi ne a wannan kujera a Yunin 1999 ma.

Wasu 'yan birnin, ciki har da masanin zanen gine-gine Kamil Khan Mumtaz da ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam I. A. Rehman, suka garzaya Babbar Kotun Lahore. An yi ta yi musu kallon masu motoci da ba su san wahalar talaka ba. Amma abin da suka nema a fili yake: a yi jirgin, a bi da shi ta ƙarƙashin ƙasa a inda ya kusanci wuraren tarihi. Kuma waɗanda aka rushe wa gidaje da shaguna a kan hanyar layin ba masu kuɗi ba ne. A Janairun 2016 wasu ƙwararru biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da haƙƙin al'adu da mai kula da haƙƙin matsuguni, suka yi kira a dakatar da aikin saboda abubuwan biyu tare. A wannan watan kotu ta ba da umarnin dakatar da gini a cikin ƙafa 200 na wuraren 11. Ranar 19 ga Agustan 2016 ta yanke hukunci, ta soke takardun amincewar, ta ce a nemo ƙwararru masu zaman kansu su sake nazari. Kotun ta lura cewa ba tsagewar bango kaɗai ake gudu ba, har da toshe ganin wurin.

To amma umarnin bai shafi sauran layin ba. Wata 22 aka yi ana shari'a, a duk tsawon lokacin ana ta kafa ginshiƙai a ko'ina ban da guraben nan 11. Duk ginshiƙin da aka kafa, ƙofar canza hanya na ƙara tsukewa. Kafin maganar ta kai ga hukuncin Kotun Ƙoli, gada ta riga ta taho daga gabas ta tsaya, ta taho daga yamma ta tsaya, saura a haɗa tsakani. Kwamitin UNESCO ya nemi a tsayar da aiki a gaban lambun har a gama nazarin yadda gadar za ta shafi ganinsa, amma kwamitin ba shi da ɗan sanda. Abin da ke hannunsa bai wuce roƙo da barazanar mai da wuri jerin haɗari ba.

Ranar 8 ga Disamban 2017 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci, huɗu suka amince a ci gaba, ɗaya, Mai Shari'a Maqbool Baqar, ya saɓa musu. Suka gindaya sharuɗɗa 31. Daga ciki: a sa na'urorin auna jijjiga lokacin gini da bayansa, a tsayar da aiki idan ta wuce kima, jirgi ya rage gudu kusa da wuraren tarihi, a ware asusun rupi miliyan 100 don kula da su, a gyara ragowar tankin Shalimar gwargwadon iko a shuka kewayensa, a kwaikwayi adon lambun a jikin tashar da ke kusa da shi. Tawagar UNESCO da ICOMOS, ƙungiyar ƙwararru da ke ba ta shawara kan wuraren tarihi, ta iso Lahore a Afrilun 2018, wata huɗu bayan bakin alƙalami ya bushe. Ba a mai da lambun jerin haɗari ba. Ranar 25 ga Oktoban 2020 aka buɗe layin, a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar da ta yi ta sukar aikin lokacin tana adawa.

Inda na tsaya

Ba na ganin alƙalai huɗun nan a matsayin maƙiya tarihi. An kawo musu zaɓi ne tsakanin a haɗa gada da a bar bashin dala biliyan ɗaya da rabi a tsaye a sararin sama babu amfani. Wanda aka kawo wa irin wannan, hukuncinsa sananne ne tun kafin ya zauna. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa, kuma ranar zanen Shalimar ta wuce tun 2014 da 2015, lokacin da ake ja layi a taswira babu mai kula da kayan tarihi a teburin. A ranar nan, tambayar ko a nutsar da kilomita ɗaya ko biyu a gaban lambun magana ce ta lissafin kuɗi, ana iya cewa ya yi tsada, ana iya cewa bai yi ba, jama'a su ji hujjar kowa. An nutsar da layin a tsakiyar gari, ke nan abu ne mai yiwuwa. Bayan an kafa ginshiƙai, tambayar ta mutu.

Abu na biyu da shari'ar ta fito da shi shi ne yadda abin da ake iya aunawa ke danne wanda ba a iya aunawa. Jijjiga tana da lamba. Injiniya zai kawo na'ura ya ce ga adadin da tsohon bango ke jurewa, ga wanda jirgi zai haifar, na biyun bai kai na farkon ba. Alƙali yana iya riƙe wannan a hannu. Amma wace lamba za ka ba shi ta abin da mutum ke rasawa idan ya tsaya a bakin babban tafki ya ɗaga kai kudu, inda ruwa ke fitowa, ya ga kankare a inda aka tsara ya ga sama da kan itatuwa? Shah Jahan ya ɗaga katanga ne don wanda ke ciki ya manta da gari. Babbar Kotun Lahore ta fahimci wannan, Mai Shari'a Baqar ma ya tsaya a kan kare wuraren, amma a ƙarshe maganin da aka bayar shi ne a yi wa tasha ado irin na lambun a kuma shuka itatuwa su kare gada. Zanen fure a jikin siminti ba ya mayar da abin da aka ɗauke.

Sai ita kanta ƙafa 200. Daga katanga ake auna ta, a matsayin zobe, kamar duk abin da ke da daraja yana tsakiya ne, haɗari kuma na zuwa daga waje. Ga kabari ko hasumiya wannan ya isa. Ga lambun ruwa bai isa ba, domin gaɓoɓinsa a warwatse suke a cikin zoben da bayansa. Tankunan da aka rushe a 1999 ba maƙwabtan lambun ba ne, sashen jikinsa ne. Kuma ko wannan zoben, doka ta bar mabuɗinsa a aljihun ma'aikaci guda, wanda mai neman izinin shi ne mai biyansa albashi. Ko da mutumin kirki ne, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfin kujerarsa. Da a ce amincewar tana hannun wata majalisa da gwamnatin lardi ba ta iya sauke ta, kuma doka ta hana sa hannu a kwangila kafin amincewar ta fito, da shari'ar 2016 ba ta taso ba.

Akwai alheri guda da ba zan ɓoye ba. Layin yana da tasha mai suna Shalamar Garden, kuma iyalin da a da sai sun canza mota biyu ko uku kafin su kawo yaransu nan, yanzu jirgi ɗaya ne. Da yamma, musamman ranar Lahadi, za ka ga mata sun shimfiɗa mayafi a kan ciyawa sun buɗe kwanukan abinci, yara na tsere a kan hanyoyin bulon da aka jera kamar saƙar tabarma, tsofaffi na zaune a inuwar rumfar da ke saman allon marmara. A birni mai mutum sama da miliyan 11, hekta 16 na inuwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma waɗannan mutane su ne za su tsaya wa lambun idan an sake zuwa da wani zanen titi, in har an bar su sun ji nasu ne, an kuma nuna musu cewa bulon da ke wajen katanga ma nasa ne.

Ragowar tankin na uku yana nan a gefen titi, a killace, dab da ginshiƙan gadar. Yawancin masu saukowa daga jirgi suna wuce shi ba tare da sun waiwaya ba, su tsallaka zuwa ƙofar da a da ɗakin hutawar sarki ce. A ciki, idan ranar kunna ruwa ce kuma akwai wuta, mai gadi zai tayar da inji, bakunan feshi su yi tari su tofar da iska, sannan ruwa ya biyo.